Yadda sabuwar waƙa ke isa Ƙaraye da Rogo, da masu ikon tare ta a hanya

A watan Mayun 2025, Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano ta haramta shagalin da ake kira Ƙauyawa Day a bukukuwan aure. Muhawarar da ta biyo baya ta tsaya ne a kan manyan ɗakunan taro na birni da 'ya'yan masu hali da ke kama su. Ba a cika tuna cewa filin biki shi ne babban dandalin ƙaramin mawaƙi ba, musamman a garuruwa irin su Ƙaraye da Rogo, inda mai sabuwar waƙa ba shi da kamfanin da ya ɗauke shi, ba shi da manaja, sai muryarsa da wayarsa da abokan da suka yarda da shi. Duk dokar da ta taɓa biki, to ta taɓa tukunyar abincinsa.

A Turai da Amurka, mawaƙin da ba ya ƙarƙashin babban kamfani yana da ƙananan gidajen rawa da zai riƙa zagayawa, ana sayen tikiti a ƙofa, har sunansa ya fito. A birnin Kano akwai ɗan kwatankwacin haka a Sabon Gari da gidajen gala, kuma a shekarun baya cibiyoyin al'adu irin su British Council da Alliance Française sun sha buɗe wa matasan mawaƙa farfajiyarsu. Yammacin jihar kuwa tsarinsa daban ne. Mai son bin sababbin waƙoƙi a can yana bin su ne ta hanyoyi uku: shagon mai tura waƙa, wayar aboki, da filin biki ko wasan Sallah.

Hanyar da waƙa ke bi

Matashin da ya rubuta baitocinsa a Zarewa ko Yammedi yakan fara ne da neman situdiyo. Mai ƙaramin ƙarfi zai shiga ɗan ɗakin da ke kusa, inda kwamfuta guda da fiyano da makirufo suka wadatar. Wanda ya tara abin hannu daga rani ko noman masara yakan nufi Kano, mafi yawa titin gidan Zoo, inda situdiyoyi da ofisoshin 'yan fim suka taru. Da kuɗinsa zai biya mai kiɗa, da kuɗinsa zai biya 'yar amshi. Idan aka gama, abin da zai koma gida da shi fayil ne guda a cikin waya.

Daga nan sai hannun masu tura waƙa, waɗanda aka fi sani da 'yan dawunlodin. Su ne suka gaji masu sayar da kaset da faifai bayan kasuwar ta mutu. A kowace tasha da kowace kasuwar mako za a same su da kwamfuta da lasifika, suna loda wa mutane waƙoƙi da fina-finai a katin waya kan 'yan kuɗi kaɗan. A birni cibiyarsu ita ce Farm Centre da Bata, kuma abin da ya karɓu a can ba ya daɗewa bai sauka a karkara ba. Mai tura waƙa yana da ƙarfin da gidan rediyo ke da shi a da: waƙar da ya saka a lasifikarsa ranar kasuwa ita matasa za su tambaya. Sai dai ko kwabo daga cinikinsa ba ya komawa ga mawaƙin. Sau da yawa ma mawaƙin ne ke roƙo a karɓi waƙarsa, har ya haɗa da ɗan ihsani.

Dokar haƙƙin mallaka da shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Maris 2023 ta haramta irin wannan kwafi ba da izini ba. Amma ƙaramin mawaƙi ba zai kai ƙarar mutumin da shi kaɗai ne hanyarsa ta isa kunnen jama'a ba.

Intanet ta buɗe wata ƙofa, ko da yake ƙunƙuntacciya ce. Spotify ya shigo Najeriya a Fabrairun 2021, ya tarar da Audiomack da Boomplay sun riga shi. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mai tasha sai ya tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin shekara guda, ko kuma miliyoyin kallo a gajerun bidiyo. Ko an kai can, abin da ake biya kan kallon da aka yi daga Najeriya bai kama ƙafar na Ingila ko Amurka ba. Masoyin da ke Rogo, wanda ke lissafin data kamar yadda yake lissafin taki, zai sauke waƙar sau ɗaya ya tura wa mutum goma ta Xender ko WhatsApp. Waƙar ta zaga gari, amma a lissafin kamfani mutum ɗaya ne ya ji ta. Abin da TikTok ke bayarwa shi ne suna. Kowa ya ga yadda "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta game ƙasar Hausa a 2020, lokacin kullen korona, sa'ad da matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyon rawa da ita. Sunan ne ke jawo gayyatar biki, a bikin kuma ake samun kuɗi.

Filin biki da kuɗin liƙi

Wasan ƙaramin mawaƙi a wannan yanki ba ya buƙatar abu mai yawa: janareta, lasifika biyu, kujerun haya, da mai saka kiɗa. Ba a sayar da tikiti. Abokan ango ne ke gayyata, su ba da kuɗin mota da na kafin alƙalami, sauran kuma ya dogara ga liƙi. Shi ya sa mawaƙin da ya san dangin ango da sunan kowane ɗan kasuwa a wurin yakan fi mai zaƙin murya tashi da kuɗi. Wannan gado ne daga makaɗan kalangu da na asharalle, injin kiɗa kawai aka sauya.

Shi kansa liƙin laifi ne a dokar tarayya. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa takardun naira ko taka su a wajen biki, da hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida, ko tarar naira 50,000, ko duka biyun. Shekaru da yawa dokar na kwance, sai EFCC ta tashe ta a 2024. A Yulin 2025 Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta sami Hamisu Breaker da laifin wulaƙanta naira, ta yanke masa ɗaurin wata biyar ko zaɓin tara. Idan wanda ya kai wannan matsayi bai tsira ba, ƙaramin mawaƙi ya san bidiyon bikin da yake ɗorawa don neman suna zai iya zama shaida a kansa.

Wa ke ba da izini?

An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Kano a 2001, zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na farko, bayan dawo da shari'ar Musulunci a jihar. A tsarinta, mawaƙi yana buƙatar rajista, kuma waƙa tana buƙatar tantancewa kafin ta fita. Ofishin da ake wannan aiki yana birnin Kano. Ga matashin Rogo, wanda garinsa ya yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, bin ƙa'idar na nufin kuɗin mota, kuɗin rajista, kuɗin tacewa, da wunin da zai bar gona ko shago. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne waƙoƙi masu ɗimbin yawa suna fita ba tare da sun bi ta can ba, kuma babu mai ce musu uffan.

A nan matsalar take. Dokar da kusan kowa ke takawa, amma ba a tuna ta sai a kan mutum ɗaya, ta zama sanda a hannun mai mulki. Tarihin hukumar ya nuna lokutan da ake tuna ta.

A Satumbar 2007, ƙarƙashin shugabancin Abubakar Rabo Abdulkarim, an ɗaure Adam A. Zango wata uku saboda fitar da kundin bidiyonsa "Bahaushiya" ba tare da tacewa ba. A 2009 kotu ta haramta waƙoƙi 11 a lokaci guda, cikinsu har da "Hasbunallahu" ta Aminu Ala, wanda aka kama a Yulin wannan shekara. Gwamnatin Ibrahim Shekarau ce a lokacin. Da mulki ya koma hannun Abdullahi Umar Ganduje, aka naɗa Isma'il Na'abba Afakallah, sai kamen ya bi sabon layin siyasa. A Maris 2017 aka tsare Sadiq Zazzaɓi kan wata waƙa da ya yi wa Kwankwaso, a daidai lokacin da rigimar Kwankwasiyya da Gandujiyya ta yi tsami. A Yunin 2019 kotu ta yanke wa Mohammed Yusuf Yakasai, wanda aka fi sani da AGY, ɗaurin shekara biyu kan waƙar da aka ce ta ɓata sunan gwamna.

Shari'ar da ta fi kusa da Ƙaraye ita ce ta Naziru M. Ahmad. A Mayun 2019 gwamnatin Ganduje ta raba masarautar Kano, ta ƙirƙiro Ƙaraye da Rano da Gaya da Bichi. Wata huɗu bayan haka aka kama Naziru, Sarkin Waƙar Sarki Muhammadu Sanusi II, bisa tuhumar sakin waƙoƙin da ba a tace ba. Hukumar ta ce doka take bi, magoya bayansa suka ce biyayyarsa ga Sarki ake hukuntawa. Tun daga nan masarautar Ƙaraye ta ga sauyi biyu: an rushe ta a Mayun 2024, aka maido ta a Yulin shekarar a matsayin mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo kaɗai a ƙarƙashinta. Mawaƙin da ya wasa sarki a hawan Sallah na 2023 ya wayi gari waƙarsa ta koma bayanin matsayar siyasa, ko ya so ko bai so ba.

Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗora ɗan fim, Abba El-Mustapha, a kan hukumar a 2023. Ya fara da soke lasisin 'yan masana'antar baki ɗaya don a sake rajista. A Janairun 2025 aka dakatar da mawaƙi Usman Sojaboy kan wani bidiyo da aka ce ya saɓa wa tarbiyya, sannan hanin Ƙauyawa Day ya biyo. Ba a raina koken iyaye da malamai game da batsa a wasu waƙoƙi da raye-raye ba, kuma jama'a da yawa suna maraba da matakan. Abin tambaya shi ne ma'auni. Sashe na 39 na kundin tsarin mulki ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin baki, sashe na 45 ya yarda a taƙaita shi don kare tarbiyya da zaman lafiya. Tsakanin sassan biyu akwai fili mai faɗi, kuma har yau wanda ke riƙe da gwamnati ne ke shata iyakarsa. A ƙauye ma abin bai tsaya ga hukumar ba: dakarun Hisbah, ofishin 'yan sanda, dagaci da mai unguwa, kowannensu na iya kashe janareta a tsakiyar wasa.

Inuwar ɗan siyasa

Mai neman kuɗi da kariya a lokaci guda yana da wuri ɗaya da zai same su. Dauda Kahutu Rarara ya fito ne daga Kahutu a ƙaramar hukumar Ɗanja ta Jihar Katsina, maƙwabciyar wannan yanki, kuma duk yaron da ke rera waƙa a Rogo ya san inda waƙar siyasa ta kai shi. Ya kuma san cewa a Maris 2023, bayan sanar da sakamakon zaɓen gwamna, an kai wa gidan Rarara da ke Kano hari aka cinna masa wuta.

Ƙaraye da Rogo mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta tarayya, ga kujerun majalisar jiha, ga na ciyamomi da kansiloli. Kowane ɗan takara yana son waƙarsa, kuma kuɗin waƙar kamfen guda kan fi abin da mawaƙi zai tara a bukukuwa da yawa. Wanda ya karɓa ya sami babur, wataƙila da wanda zai yi masa waya idan an kama shi. Abin da ya bayar a madadin haka shi ne bakinsa. Ba zai ƙara rera baiti kan tsadar taki ba, ko lalacewar hanya, ko halin garuruwan da aka tasa don gina madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992 a ƙasar Ƙaraye. Rabin masu gayyatarsa biki kuma, waɗanda ke ɗaya jam'iyyar, sun daina kiransa.

Wanda ya ƙi shiga inuwar kowa yana nan da waƙarsa da ba a tace ba, tana yawo daga waya zuwa waya, babu rajistar da ke ɗauke da sunansa. Da zaɓen 2027 ke matsowa, situdiyoyin titin gidan Zoo za su cika da masu neman a buga musu kiɗan kamfen, kuma a wannan kakar ce za a ga waƙoƙin wa hukumar za ta nemi takardar tacewarsu.