Abin Da Lambar Megafiksel Ba Ta Faɗa Wa Mai Sayen Waya

Duk wanda ya taɓa shiga Banex Plaza da ke Wuse 2 a Abuja, ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, da niyyar sayen sabuwar waya, ya san tambayar da ke biyo bayan tambayar farashi: kyamararta megafiksel nawa ce? Mai shago ma ya san da zuwanta, shi ya sa tun kafin a buɗe baki yake juya kwali ya nuna lambar da aka buga ɓaro-ɓaro, 50 ko 64 ko 108. Mai saye ya biya, ya tafi gida cike da murna. Sai ranar da aka yi kamun amarya da daddare, a tsakar gida mai ƙwan lantarki biyu kacal, ya ɗauki hotuna ya duba, ya tarar fuskoki sun yi dishi-dishi, idanun yara sun zama ja, leshin amarya kuwa ya koma wani launin da ba shi aka saya ba. Daga nan sai zargi: ko dai jabu aka sayar masa?

Sau da yawa wayar ta gaske ce, lambar da ke jikin kwalin ma gaskiya ce. Matsalar ita ce wannan lamba ba ta auna abin da mai saye yake zaton tana aunawa.

Fiksel ɗigo ne guda daga cikin ɗige-ɗigen da ke haɗuwa su zama hoto, megafiksel ɗaya kuwa ɗigo miliyan ɗaya ke nan. Wayar Sharp J-SH04 da ta fito a Japan a shekarar 2000, wadda ke cikin wayoyin farko masu kyamara, megafiksel 0.11 take ɗauka. A wancan zamani duk ƙarin ɗigo ƙarin kyau ne, babu musu. Amma an daɗe da wuce wannan mataki. Babban allon talabijin mai ƙarfin 4K ɗigo miliyan 8.3 yake nunawa, fuskar mafi yawan wayoyin da ke hannun jama'a kuwa ba ta kai miliyan uku ba. Kamfanin Apple ya tsaya a kan megafiksel 12 tun daga iPhone 6s a 2015, bai motsa ba sai a 2022 da ya fitar da iPhone 14 Pro mai 48, kuma a tsawon waɗannan shekaru bakwai babu wanda ya ce hotunansa sun koma baya.

Abin da ya fi yawan ɗigo muhimmanci shi ne ɗan fallen da ke bayan gilashin kyamara, wanda masu gyaran waya ke kira sensa, domin a kansa haske yake sauka. A babbar kyamarar masu ɗaukar hoton biki, tsawonsa kan kai milimita 36, faɗinsa 24. A waya mai araha bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Idan aka yanyanka wannan ɗan fili aka raba wa ɗigo miliyan 50 maimakon miliyan 12, lamarin ya zama kamar gona guda da magada suka yi wa yawa: kowa ya samu, amma abin da ya samu ba zai ciyar da shi ba. Ɗigon da bai sami isasshen haske ba shi ne ke haifar da tsakuwa-tsakuwar nan da ake gani a hoton dare.

Masu ƙera wayoyin sun san haka sarai. Shi ya sa wayar da aka rubuta wa 48 ko 50 take haɗa ɗigo huɗu su zama ɗaya, ta miƙo maka hoto mai megafiksel 12 ko 12.5. Mai 108 kan haɗa tara, mai 200 irin Galaxy S23 Ultra ta 2023 kuma ta haɗa goma sha shida. Dabara ce mai kyau, tana kuma aiki. Sai dai ba a rubuta ta a jikin kwali. Haka nan idanun kyamara uku ko huɗu da ke jere a bayan waya mai sauƙin kuɗi: sau da yawa ɗaya ne ke yin aikin, sauran masu megafiksel biyu-biyu ne da amfaninsu bai taka kara ya karya ba.

Dare da rawar hannu

Idan haske ya yi ƙaranci, kyamara ba ta da zaɓi illa ta bar idonta a buɗe na ɗan lokaci mai tsawo, ko kuma ta ƙara ƙarfin ɗan hasken da ta samu. Na farko yana sa duk wani motsi, na hannunka ko na wanda kake ɗauka, ya bar shati a hoton. Na biyu yana ƙara tsakuwa-tsakuwa, sai manhajar wayar ta bi ta goge su, ta haɗa da gashin gira da zanen lalle, fuska ta fito sumul kamar ta 'yartsana. Tsarin ɗaukar hoton dare, wanda Google ya fito da nasa a 2018, Apple kuma ya biyo baya a 2019, yana ɗaukar hotuna da yawa a cikin 'yan daƙiƙoƙi ya haɗe su wuri guda. Yana yin abin mamaki a kan gini ko titi. A kan masu rawa a filin biki kuwa, sai haƙuri.

Maganin da ya fi araha shi ne a kai mutum inda haske yake, ya fuskance shi. Mai ɗauka ya matse gwiwar hannunsa a jiki ko ya jingina da bango. Ya kuma taka da ƙafarsa ya matsa kusa maimakon zuƙo hoto da yatsu biyu, domin a wayar da ba ta da ido na musamman mai jawo nesa, zuƙowa yanke gefen hoto ne kawai a buɗa tsakiyarsa.

Fuskar da kyamara ba ta saba da ita ba

Akwai wata matsala da ta fi shafar mu, kuma ta girmi wayar salula. Tun a shekarun 1950, kamfanin Kodak na Amurka yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton wata Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, da shi suke daidaita launi. Idan fatar wannan mata ta fito daidai, an gama aiki. Lorna Roth ta Jami'ar Concordia da ke Kanada ta bayyana a bincikenta na 2009 cewa cikin abubuwan da suka sa kamfanin ya gyara yadda fim ɗinsa ke ɗaukar launuka masu duhu har da ƙorafin masu sayar da kujerun katako da masu yin cakulan, waɗanda kayansu ba sa fitowa da kyau a talla. Katako da alewa sun riga mutane samun sauraro.

Kyamarar waya ta gaji wani abu daga wannan tarihi. Tana auna hasken da ke gabanta gaba ɗaya, ta nemi tsaka-tsaki. Ka ɗauki dattijo baƙi sanye da farar babbar riga a filin Idi, rana ta take: idan wayar ta bi rigar, fuskarsa ta nutse cikin duhu, idan ta bi fuskar, aikin da ke wuyan rigar ya ƙone ya zama fari fat. Taɓa fuskar a allon waya kafin a danna yana gaya wa kyamara inda za ta ba muhimmanci, komawa inuwar bishiya kuwa ya fi wannan ma amfani.

Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya gane wannan giɓi da wuri, ya horar da kyamarorinsa a kan fuskokin 'yan Afirka, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa yake riƙe da kusan rabin kasuwar wayoyin zamani a nahiyar. Google ya zo da nasa tsarin mai suna Real Tone a wayar Pixel 6 a 2021, shekara guda bayan haka ya rungumi ma'aunin launin fata mai hawa goma na Farfesa Ellis Monk na Jami'ar Harvard. Sai dai akwai bambanci tsakanin haska fuska da sauya ta. Wayoyi da dama suna zuwa da tsarin ƙawata fuska a kunne, wanda ke mayar da baƙi wankan tarwaɗa, wankan tarwaɗa kuma fari, ba tare da ya nemi izini ba. A ƙasar da likitoci ke ta gargaɗi a kan man bilicin, ban ga hikimar barin waya tana yi wa 'yanmata bilicin na ƙarya kowace safiya ba. Ana iya kashe shi a cikin saitin kyamara.

Hancin da ke fitowa ƙato a hoton da mutum ya ɗauki kansa ma ba laifin hancin ba ne. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2018 ya nuna cewa ɗaukar hoto daga tazarar santimita 30 na sa hanci ya bayyana ya fi girmansa da kusan kashi 30 cikin ɗari.

Inda launi ke zama kuɗi

Ga mai sayar da atamfa ko shadda ta WhatsApp da Instagram, wannan magana ta wuce kwalliya. Ƙwan lantarki mai ruwan ɗorawa, da farar fitilar shago, da hasken rana, kowanne launinsa daban, kuma waya hasashe take yi a kan wanne ne fari na gaskiya. Idan hasashen ya kauce, makuba ta zama ja, shuɗi mai duhu ya koma baƙi. Ƙari a kan haka, manhajar kan ƙara wa launuka ƙarfi don su burge ido, allon wayar mai saye kuma ya ƙara nasa. Sai a aika turmi ashirin na anko daga Kantin Kwari zuwa Fatakwal, a buɗe ƙunshi a ce ba wannan aka zaɓa ba. Kuɗin mota ya tafi, amana ta yi rauni, alhali babu wanda ya yi niyyar cuta. 'Yan kasuwar da suka ƙware suna fito da yadi bakin shago da hantsi, cikin inuwa, su ajiye farar takarda a gefensa, su kashe duk wani tsarin ƙawata hoto, sannan su haɗa da ɗan gajeren bidiyo.

Akwai kuma layukan duhu da ke ratsa hoto ko bidiyo a ƙarƙashin wasu fitilu masu araha. Wutar lantarkin Nijeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilar tana ƙyaftawa da saurin da ido ba ya kamawa, amma kyamara tana kamawa. Wayoyi da yawa suna da wurin zaɓar 50 ko 60 a saitinsu. Namu 50 ne.

Ko da hoton ya fito tangaran, hanya na iya cinye shi. WhatsApp yana matse hoto don ya rage cin data, har ya dawo kusan megafiksel biyu, ko da mai 108 ce ta ɗauka. A watan Agustan 2023 ne ya ƙara maɓallin HD, wanda ke rage ɓarnar. Wanda yake son hoton ya isa yadda yake, kamar wanda za a kai wa mai buga kalanda ko katin gayyata, sai ya tura shi a matsayin takarda. Hoton da aka ɗauko daga allon wani, aka sake ɗorawa, aka sake ɗaukowa, ba mai iya dawo masa da abin da ya zube.

Wani lokaci kuma matsalar ba ta wuce gilashin ba. Gumi da man shafawa da shatin yatsa ne ke sa fitilun mota su fito da dogayen wutsiyoyi, hoton rana kuma ya yi hazo-hazo. A hunturu, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi tana kwanciya a kan komai, kuma goge ta da bakin riga a bushe yana karce gilashi a hankali. A hure tukuna, sannan a goge da ƙyalle mai laushi. Masu kai saƙo a kan babur da ke ɗaure waya a kan hannun babur su ma su lura: a 2021 Apple ya yi gargaɗin cewa girgizar injin manyan babura na iya lalata na'urar da ke daidaita rawar hannu a cikin kyamara, ya kuma ba masu ƙananan babura shawarar amfani da mariƙi mai shanye girgiza.

Hoton da waya ta ƙarasa da kanta

A watan Maris na 2023 wani mai amfani da wayar Samsung ya ɗauko hoton wata, ya dusashe shi da gangan, ya buɗe shi a allon kwamfuta, ya koma ƙarshen ɗaki ya ɗauka da wayarsa. Hoton ya fito da ramuka da zane-zanen da babu su a allon. Kamfanin ya yi bayanin cewa idan wayar ta gane wata ne a gabanta, tana amfani da ƙirƙirarriyar basira ta ƙara fito da siffofinsa. A kan wata, abin bai wuce muhawara ba. Amma mutane suna ɗaukar rasit, da takardar fili, da lambar motar da ta yi karo ta gudu, da takardar sakamakon zaɓe a rumfa, kuma wayar da ta saba cike gurbi na iya sa 3 ta yi kama da 8 idan an zuƙo daga nesa cikin duhu. An ga yadda wasu takardun sakamako da aka ɗora a shafin IReV a zaɓen 2023 suka fito ba sa karantuwa. Takarda tana son a shimfiɗa ta, a tsaya daidai samanta, a kauce wa inuwar hannu, a kashe fitilar waya idan takardar mai ƙyalli ce, sannan a buɗa hoton a karanta lambobin kafin a bar wurin.

Mai shirin sayen waya kuwa, gwajin da zai yi bai kai minti biyar ba. Ya roƙi mai shago ya kunna ta, ya nemi lungun da ya fi duhu a shagon, ya ɗauki fuskar yaron shago yana magana, ya ɗauki rubutun jikin wani kwali daga taku uku, sannan ya ɗauki hular kansa ya gwada launinta da na hoton. Ya maimaita haka da waya ta biyu mai farashi ɗaya, ya buɗa hotunan gefe da gefe. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba zai hana ba.