Harshe Ne Ke Gane Geron Kirki, Ko Suna?

A kasuwannin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, mai sayen hatsi ba ya yarda da faɗar mai sayarwa. Zai cusa hannu can cikin buhu, ya ɗebo, ya hure ƙaiƙayi, ya jefa ƙwaya biyu a baki ya gartsa. In ta yi ƙaras, ta bushe. In ya ji laushi ko warin daɗewa a rumbu, sai ya rage kuɗin tiya. Daga nan gardama kan tashi: wannan ya rantse furar Zango, geron gida mai doguwar zangarniya, ba ta da ta biyu, wancan ya ce HKP, ingantaccen irin da cibiyar binciken noma ta INRAN ke yaɗawa, bai bar mata komai ba.

To, in aka ɓoye suna, aka dama su cikin ƙwarya iri ɗaya, mutum nawa za su iya ware wannan daga wancan?

Masana sun daɗe da hanyar raba irin wannan gardama, kuma ɗaya daga cikin fitattun labaranta kan shayi ne. A shekarun 1920, a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, wata masaniya mai suna Muriel Bristol ta ce tana bambanta kofin da aka fara zuba wa madara kafin shayi da wanda aka zuba wa madarar daga baya. Abokin aikinta Ronald Fisher bai yarda ba. A littafinsa na 1935 ya bayyana tsarin gwajin: kofi 8, huɗu haka, huɗu haka, a cakuɗa su ba tare da ta gani ba. Mai canki zalla, sau 1 cikin 70 ne zai dace da duka. An ruwaito cewa ta ware su daidai.

Yau masana'antun abinci na amfani da gwajin kofi uku. Biyu daga tukunya ɗaya, na uku daban, kowane da lamba maimakon suna, sai a ce wa mai ɗanɗano ya fitar da baƙon. Ko wanda mura ta toshe wa hanci zai dace sau ɗaya cikin uku. Saboda haka in mutum 30 suka sha, 10 suka gane, ba a tabbatar da komai ba, sai sun kai 15 ake cewa akwai bambancin da baki ke ji. Har mai miƙa kofin ba a so ya san sirrin, don kada fuskarsa ta tona.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne suna da farashi na shiga baki kafin abinci. A 2004, a birnin Houston na Amurka, Read Montague da abokan aikinsa sun ba mutane Coca-Cola da Pepsi a ɓoye, zaɓin ya rabu kusan daidai. Da aka nuna tambarin Coca-Cola, sai suka karkata gare shi, na'urar hoton ƙwaƙwalwa kuma ta nuna sassan tunawa sun motsa. A 2008 an ba mutum 82 ƙwayar da babu magani a cikinta, aka ce ta kashe zafi ce. Cikin waɗanda aka gaya wa kuɗinta dalar Amurka 2.50, kashi 85 cikin ɗari sun ce zafi ya ragu. Cikin waɗanda aka ce musu an karyar da ita zuwa santi 10, kashi 61 ne.

Jihar Maraɗi, inda kasuwannin nan suke, ba baƙuwar wannan tsari na gwaji a ɓoye ba ce. A Madarunfa, cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitoci ta MSF ta gwada rigakafin zawon rotabairus kan jarirai fiye da 3,500, uwa ba ta san ko na gaske aka ɗiga wa ɗanta ba, ma'aikacin jinya ma bai sani ba. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna ya kare yara daga zawo mai tsanani na wannan cuta da kusan kashi 67 cikin ɗari.

Sai dai harshe na da iyakarsa. A 2018 Nijar ta amince da geron Chakti, wanda cibiyar ICRISAT ta samar, mai sinadarin ƙarfe wajen miligiram 65 a kilo, alhali irin da aka saba shukawa na wajen 47. Wannan alheri ne ga mai ciki da yaro mai ƙarancin jini, amma babu gwanar fura da za ta ji shi a ludayi. Haka gubar aflatoksin da ke kama gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba: ƙuli-ƙuli na iya yin daɗi yana ɗauke da ita, sai ɗakin awo ke ganowa.

Akwai kuma abin da kurɓi ɗaya ba ya aunawa, matan karkara kuwa sun san shi sarai. Wane gero ne ke surfuwa da wuri a turmi? Wanne ke yawan dusa, gari kaɗan? Tuwon wanne ke kwana ya yi ɗumame bai saki ruwa ba? Maigida shi ma yana duban kara, don darni da abincin bisashe a rani, yana kuma tsoron irin da ke riga na maƙwabta nuna, tsuntsaye su taru a gonarsa. Shi ya sa masu fitar da sabon iri ba sa tsayawa a ɗanɗano. Sukan shuka iri-iri gefe da gefe a gonar manomi, su kira maza da mata su zagaya su zaɓa, sannan a daka, a tuƙa, a ci. Irin da ya yi nasara a kofi amma ya faɗi a turmi, da wuya a sake neman sa a damina mai zuwa.