Gaɓar Murfin Kwamfuta Ta Saki? Ga Yadda Ɗan Kasuwa Zai Gyara Abinsa A Tamanrasset

Duk wanda ya shiga kasuwar Asihar da ke Tamanrasset a 'yan shekarun nan zai lura cewa littafin bashi na takarda ya fara ja da baya. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu masu safarar dabino da gishiri da barguna zuwa Nijar, su dawo da dabbobi da lalle da kayan yaji, yanzu a cikin kwamfutar tafi-da-gidanka suke ajiye lissafinsu. Cinikin musaya tsakanin kudancin Aljeriya da Nijar da Mali yana tafiya ne bisa dokar 1994 wadda aka sabunta a 2020, kuma harka ce mai takardu da yawa, saboda haka kwamfuta ta zama abokiyar tafiya.

Wadda matasa suka fi so ita ce mai naɗewa, wato wadda murfinta ke juyawa har ya kwanta a bayanta ta koma allon taɓawa. Kamfanin Lenovo ne ya yayata wannan samfuri da Yoga a 2012, sannan HP ya fito da x360, Asus da Flip, Acer da Spin, Dell ma da nasa. Daɗin aiki gare ta, domin mutum zai naɗe ta ya miƙa wa abokin ciniki ya duba hoton kaya. To sai dai ƙarfinta da rauninta duk wuri ɗaya suke, wato gaɓar nan ta ƙarfe da ke haɗa murfi da gindi, wadda masu gyara a nan ke kira sharniyar, na Kano kuma su ce hinji.

Mu ma abin ya taɓa cin mu. Kwamfutar da muke tace muryoyi da ita a gidan rediyonmu ta fara rawar murfi bayan wata doguwar tafiya, muka yi biris da ita. Da kusurwar hagu ta fara buɗe baki sai wani daga cikinmu ya ɗura mata sufa gulu. Ba a yi mako guda ba robar ta ɓalle, hoton allo ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, ga hirarrakin da muka sha wahalar ɗauka duk suna ciki. Daga nan ne muka zauna muka koyi abin da za mu gaya wa mai karatu yau.

Me ke sa gaɓar ta saki?

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, galibin murfin da ake cewa ya saki, a gaskiya gaɓarsa tauri ta yi. Ita gaɓar an ƙera ta ne da ɗan ƙarfin riƙo domin murfi ya tsaya inda aka bar shi. An ɗaure ta da ƙananan notuna masu kaurin milimita 2 ko 2.5, su kuma notunan suna shiga cikin wasu 'yan gurabun tagulla da aka dasa a cikin roba. Idan ƙura ta shiga gaɓar, man da ke cikinta ya bushe, sai ta ƙara tauri. Duk buɗewa da rufewa ƙarfin yana sauka ne a kan robar nan, har ranar da za ta tsage ta saki tagullar.

Yanayinmu kuwa yana taimaka wa wannan ɓarna. Tamanrasset tana kan tudu sama da mita 1,300 a yankin duwatsun Hoggar, dare da sanyi a lokacin hunturu, ga ƙura ba ta yankewa. Wanda ya gangara Ingizam, kimanin kilomita 400 kudu, ya tsallaka Asamaka ya nufi Arlit da Agadas, zai haɗu da zafi mai tsanani da girgizar mota. Zafi da sanyi suna gajiyar da roba, girgiza kuma tana kwance noti a hankali. Ga shi kayan gyara ba kusa suke ba, domin tsakaninmu da birnin Aljiyas akwai tafiyar kusan kilomita 1,900.

A fara gane ciwon

Kafin a taɓa sukudireba, a ɗora kwamfutar a kan tebur, a buɗe murfin sannu a hankali ana kallon kusurwoyin biyu na baya. Ciwon iri uku ne. Idan murfin yana ɗan rawa amma jikin kwamfutar bai buɗe baki ba, mai yiwuwa notuna ne kawai suka kwance, kuma wannan shi ne mafi sauƙi. Idan kusurwa tana ɗagawa, ko ana jin ƙas-ƙas, ko wani abu yana kaɗawa a ciki in an girgiza ta, to gurabun tagulla sun fita daga roba. Idan kuwa komai a ɗaure yake amma murfin yana faɗuwa baya da kansa, gaɓar ce ta cinye, maganinta sai sabuwa.

Da zarar an ga kusurwa na ɗagawa, a daina naɗe ta baya, a daina rufewa da buɗewa. Dalili shi ne ta cikin wannan gaɓa siririyar wayar da ke kai hoto allo take bi, tare da wayoyin eriyar intanet da ta kyamara. In ƙarfen ya ciji ɗaya daga cikinsu, gyaran da bai taka kara ya karya ba ya koma babban aiki.

Shiri kafin a kwance

Abu na farko, a kwafe lissafi da hotunan takardu a filash ko a waya. Wannan ba abin wasa ba ne, domin bashin mutane ne a ciki. Na biyu, a duba lambar samfurin da ke rubuce a ƙasan kwamfutar, a nemi littafin gyaranta a intanet. Lenovo da HP da Dell suna sakin irin waɗannan littattafai kyauta, da zanen inda kowane noti yake. Wadda kuma take sabuwa da garanti a kanta, a mai da ita inda aka saya.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin sukudireba mai bakin kuros lamba 0 ko 00, da mai bakin tauraro T5 domin wasu samfuran shi suke ci, da tsohon katin roba na ɓamɓare murfi, da buroshi mai laushi, da sifirit, da tsinken sakace, da gam mai haɗi biyu irin su Araldite. A zauna cikin ɗaki inda iska ba ta kawo yashi, a shimfiɗa farar takarda. Kowane noti aka cire a ajiye shi a kan takardar daidai inda ya fito, saboda tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo in ya shiga gurbin gajere yana iya huda jikin kwamfutar.

Aikin kansa

A kashe ta gaba ɗaya, a zare caja. A taɓa wani ƙarfe da hannu tukuna, domin busasshiyar iskar hamada tana tara lantarki a jikin mutum, wanda ke iya ƙona kayan ciki. A kwance notunan ƙasa, a tuna cewa wasu suna ɓoye a ƙarƙashin robobin da take tsayawa a kansu. A bi gefe da katin roba, ban da wuƙa. Da an buɗe, a ɗauki hoto da waya, sannan a zare filogin batir kafin a taɓa komai. In an tarar batirin ya kumbura, a dakata da aikin, a canja shi tukuna, kada a matsa shi ko a huda shi, yana iya kamawa da wuta.

Idan notuna ne suka kwance, a ɗaure su har su zauna, kada a ƙara ƙarfi bayan nan, domin yawan matsawa shi ke fasa robar. Masu sa ruwan nan shuɗi na kulle noti su sa ɗan kaɗan a jikin notin kawai, saboda yana cin wasu nau'o'in roba.

Idan tagulla ce ta fita, a kwance gaɓar a ɗaga ta, a tsince ɓaraguzan roba, a goge wurin da sifirit a bari ya bushe. A shafa ɗan basilin a jikin notin, a ɗaura shi cikin tagullar domin kada gam ya toshe ramin. A kwaɓa gam ɗin daidai wa daida, a mai da tagullar mazauninta a miƙe, a kewaye ta da gam da tsinken sakace ba tare da ya taɓa waya ko mashigar iska ba. Daga nan sai haƙuri. A ba shi awa 24 cur, ko da kwalin ya ce yana kamawa cikin minti biyar. Sufa gulu kuwa a manta da shi a nan, yana bushewa ya yi ƙamas, ba ya jure murɗawa.

Amma fa gam kaɗai ba ya raba gardama. In ba a rage taurin gaɓar ba, za ta sake tumɓuke abin da aka liƙa. A share ƙurar da buroshi, a ɗiga mai ɗigo ɗaya, a riƙe ta da filaya a motsa ta sau da yawa. Wasu gaɓoɓin suna da ɗan noti a ƙarshensu wanda ake sassautawa kamar rubu'in juyi. Da yawa daga cikin na masu naɗewa ba su da shi, domin sanduna biyu ne ke juyawa tare. Irin wannan in ta ƙi laushi, a nemo wata daga matacciyar kwamfuta irinta a wurin masu gyara, kuma a canja hagu da dama tare.

Inda ya kamata a tsaya

Duk abin da muka faɗa ya shafi ɓangaren gindi ne. Idan ɓarnar tana cikin murfi, a bayan gilashi, shawararmu ita ce a kai wa mai gyara. Gilashin taɓawa a yawancin waɗannan kwamfutoci liƙe yake da gam, ɓamɓare shi sai da ɗumi da gwaninta, kuma yana daga cikin mafi tsadar kayan da ke jikinta. Kada garin neman gira a rasa ido.

Masu sayen na hannu kuma su buɗe murfin su rufe sau da yawa a gaban mai sayarwa, suna kallon kusurwa. Tun ranar 1 ga Janairun 2021 Faransa ta wajabta sa wa sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka maki daga cikin 10 da ke nuna sauƙin gyaransu, saboda haka wanda zai sayi wadda ta fito daga can yana iya neman makin samfurin a intanet kafin ya biya.

Bayan gyara, a riƙa buɗe murfi daga tsakiya, hannu ɗaya na danne gindi. Kada a ɗauke ta ta murfi, kada a bar ta cikin rufaffiyar mota da rana, kuma in za a yi tafiya a rufe ta yadda aka saba, gilashi a ciki, a sa ta cikin jaka tsakanin tufafi. Tamu dai ta tashi, bayan mun liƙa tagullarta mun kuma sayi sabuwar wayar allo, kuɗin da da mun huta da kashewa in da mun duba ta tun ranar da ta fara rawa. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.