Rage Hayaƙi A Sito, Ina Makomar 'Yan Dako?

Duk wanda ya san Apapa da Ijora da Ikeja da Mile 12 a Ikko ya san yawancin buhunan da ke shiga sito, ko suke fita, a kan 'yan Arewa suke wucewa. Sana'a ce mai tarihi, gama 'yan dako ne suka tayar da dalar gyaɗa a Kano buhu bisa buhu, kuma jikokinsu ne yau ke sauke shinkafa da sukari da siminti a Kurmi. To, yanzu wata magana ta shigo harkar sito, watau rage hayaƙin da ke ɗumama duniya tare da ƙara yawan aikin da lebura ke yi a yini. Ya kamata masu ci da wannan sana'a su san inda maganar ta dosa tun da wuri.

Abin da ya jawo

A shekarar 2021, a taron sauyin yanayi da aka yi a birnin Gilasgo, Shugaba Muhammadu Buhari ya ɗaukar wa Nijeriya alkawarin cewa kafin 2060 hayaƙin da ƙasar ke fitarwa ba zai wuce wanda take iya shanyewa ba. A watan Nuwamba na wannan shekara kuma ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi. Amma abin da ya fi tayar da masu sito daga barci shi ne aljihu. A farkon 2022 litar man gas ba ta kai naira 400 ba, kafin ƙarshen 2023 kuwa ta haura naira 1,000. Sa'an nan a watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na masu layin Band A zuwa naira 225 kowane ma'auni.

Lissafin ba wuya. Lita ɗaya ta man gas in ta ƙone tana fitar da iskar kabon wajen kilo 2.7. Ke nan janareton da ke shan lita 100 a yini yana sakin kilo 270, nauyin da ya fi buhun siminti biyar. Duk litar da aka rage, mai sito ya tsira da kuɗinsa, iska kuma ta huta.

Lebura ma yana da rabo a ciki, domin shi ke shaƙar hayaƙin. Tun a 2012 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya tabbatar cewa hayaƙin injin gas yana kawo sankarar huhu. Injin ɗaga kaya mai ƙaho biyu da ke yawo a rufaffen sito, da tirelar da ta yi baya ta toshe ƙofa ba a kashe ta ba, duk a ƙirjin mai ɗauka suke sauke hayaƙinsu.

Dabarun da ke aiki

Dabara ta farko ba ta buƙatar sayen komai sai tunani. A sitocin zamani an gano kusan rabin lokacin mai haɗa kaya yana ƙarewa ne a tafiya daga wannan layi zuwa wancan. Idan aka jera kayan da aka fi nema kusa da ƙofa, waɗanda ba a cika taɓawa ba kuma can ciki, sai sawu ya ragu, injin ya rage zirga-zirga, mota ta cika da wuri.

Ta biyu ita ce haske da iska. Ƙwan lantarki irin na LED yana cin abin da bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na wutar da tsohon ƙwai mai zare ke ci ba, kuma ba ya ƙara zafi. Kwanon rufi mai barin hasken rana ya ratso, da farin fenti a bisa rufin, da kafofin iska a sama, suna sa a kashe fitila da rana, ɗakin kuma ya yi sanyi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana a 2019 cewa idan zafi ya kai digiri 33 zuwa 34, mai aikin ƙarfi matsakaici yana rasa rabin kuzarinsa, ta kuma yi hasashen Afirka ta Yamma za ta yi hasarar kusan kashi 5 cikin ɗari na sa'o'in aiki a 2030 saboda zafi.

Ta uku, injin ɗaga kaya mai batir. Ba hayaƙi, ba ƙara, kuma gyaransa bai kai na mai gas ba. Sai dai akwai lauje cikin naɗi: idan da janareto ake cajin batirin, an dai kwashe hayaƙin ne daga ciki an kai bayan katanga. Amfaninsa yana cika ne idan an shimfiɗa farantan sola a rufin sito, wanda dama fili ne babba da rana ke duka a banza.

Ta huɗu ita ce kashe zaman jira. Mazauna Apapa ba su manta da shekarun da tireloli ke kwana da kwanaki a kan gada ba. A watan Fabrairu na 2021 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta fito da tsarin Eto, inda mota ba ta nufo tasha sai an kira ta, a 2023 kuma jirgin ƙasa ya soma kwasar kwantena daga Apapa zuwa Moniya kusa da Badun. Sito ma yana iya yanka wa kowace mota lokacinta. Ga wanda ake biya da ƙidayar buhu, sa'a ukun da ya yi zaune yana jiran mota sa'a uku ce ba ko kwabo.

Inda gizo ke saƙa

Tambayar da ke ran kowane lebura ita ce, in aiki ya ƙara sauri, wa zai ci ribar? Buhu 600 na siminti ke cikin tirela mai tan 30. In a ka za a sauke su, sai an tara ƙarti da dama. In kuwa an jera su a bisa katakon ɗora kaya, mutum ɗaya da injinsa da mataimaki sun isa. Wannan ya taɓa faruwa. Tun da aka soma jigilar kaya cikin kwantena a Amurka a 1956, leburorin bakin ruwa suka yi ta raguwa a Landan da Niyok, har wasu tsofaffin tasoshi suka rufe.

Ba kuma za a ce a ci gaba da ɗauka a ka har abada ba. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55, ga shi kuwa har gobe ana ganin mai sungumar buhun masara mai kilo 100. Ciwon baya da na gwiwa da gwaiwa su ne fanshon da da yawa ke komawa gida da shi.

Saboda haka abin da ya rage shi ne ciniki. Inda aka kawo inji, shugabannin leburori su nemi a fara koya wa tsofaffin ma'aikatan wurin tuƙinsa kafin a ɗauko baƙo. Inda ƙidayar buhu ta daina aiki, a sake yanka lada bisa yini ko wata, a rubuce, ana tunawa da cewa mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024. Haka kuma Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashi a asusun NSITF domin wanda ya ji rauni a bakin aiki, amma wanda ba sunansa a littafin kamfani da wuya ya ga ko sisi.

Sabon tsarin yana zuwa da nasa ayyukan: tuƙin inji, kula da batir, wanke farantan sola, ƙidayar kaya da na'ura. Dukansu suna son mai iya karanta lamba da sa hannu. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi Araba da Sabon Badun, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, za su yi wa matasa babban gata idan suka buɗe ajin yamma na karatu da lissafi, suka kuma nemi kamfanonin da ke maƙwabtaka da su su riƙa ɗaukar yaran unguwa koyon aiki.