Keke a Hanyoyin Droum: Iska Nawa Taya Ke Bukata?

A watan Oktoban 2022 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar cin kofin duniya ta farko a kan hanyoyin tsakuwa da ba su da kwalta. A yankin Veneto na Italiya aka yi ta. Gianni Vermeersch ɗan Beljiyam ya lashe ta maza, Pauline Ferrand-Prévot 'yar Faransa ta ɗauki ta mata. A Amurka wasan ya yi ƙarfi, inda tseren garin Emporia na jihar Kansas ya soma da mutum 34 a shekarar 2006, a kan hanyar tsakuwa mai tsawon kusan kilomita 320. Yau dubbai ke rububinsa. A Kenya ma tun 2021 ana yin irinsa a yankin Masai Mara. Masu wannan wasa da gangan suke ƙaurace wa kwalta, su bi hanyoyin gona da na tsaunuka, inda babu hayaniyar mota sai ƙura.

Mutumin Droum da aka ba wannan labari dariya zai yi. Karkararsa, da ke kudu maso yammacin birnin Damagaram a gundumar Mirriah, ba ta rasa irin wannan hanya ba, ita ce ma kusan duk abin da take da shi. Ba manyan tsaunuka, duwatsun da ake gani jibge a kewayen tsohon birnin Damagaram sun fi yawa can wajen gari. Abin da ke nan jigawa ce, da kwari, da hanyar amalanke mai rairayi, da jar hanyar burji inda aka samu aka zuba. A kansu ɗan makaranta ke tuƙa keke da safe, mai sayar da itace ya ɗaure kaya a kariya, mai tallan kayan koli ya bi kasuwannin ƙauye.

Amma bayan dariyar akwai abin dubawa. Kamfanonin keke sun kashe kuɗi mai yawa suna binciken tayar da ta dace da hanya maras kwalta, suka tsaya a kan mai faɗin milimita 38 zuwa 45. To, tsohon baƙin keken nan mai birkin ƙarfe, irin Raleigh na Ingila da Phoenix na Sin, tayarsa mai lamba 28 faɗinta milimita 40 ne ko kusa da haka. Wato keken da ake rainawa a ƙauye, wanda saurayi ke jin kunyar hawa zuwa zance, tun asali takalminsa na wannan hanya ne. Bambancin na nauyi ne da na giya da na kuɗi: nasu bai cika kai kilo 10 ba, namu ya ninka haka, nasu kuma farashinsa na iya sayen babur fiye da ɗaya.

Inda suka fi mu shi ne lissafin iska. A wurin mai faci, idan aka buga wa taya iska, sai mai keke ya danna ta da babban yatsa. In ta ɗan lotsa ya ce a ƙara. Ba ya yarda sai ta yi tauri har yatsa ya kasa shiga. A kan kwalta mai santsi wannan ba laifi. A cikin rairayi kuwa wahala ya saya wa kansa.

Ga dalili. Nauyin mutum da kekensa yana sauka ne a kan ɗan wurin da tayoyi biyu suka taɓa ƙasa, kuma faɗin wurin ya dogara da ƙarfin iskar da ke ciki. A ce mutum da keke kilo 100 ne. In iskar ta kai bar 4 a ma'aunin ƙarfin iska, duk nauyin yana kan fili kusan santimita murabba'i 25. In aka rage ta zuwa bar 2, filin ya zama 50. Nauyin bai canza ba, amma kowane ɗan yanki na rairayi rabin abin da yake ɗauka a da yake ɗauka, sai taya ta daina nitsewa tana yanka hanya. Abin da ya sa raƙumi ke ratsa jigawa da shimfiɗaɗɗen tafinsa ke nan, jaki kuwa kofatonsa na lumewa. Taya mai nitsewa kullum tana ƙoƙarin fita daga ramin da ita ta haƙa, cinyar mai keke ce ke biyan kuɗin.

A kan burji matsalar daban ce. Duk wanda ya taɓa bin jar hanya da rani ya san gargadar nan, ƙananan tuddai a jere da ke sa haƙora su riƙa haɗuwa. Ana yawan ɗora laifin a kan ɗan kwangila, wani lokaci ma da gaskiya. Sai dai gwajin da Keith Mather ya wallafa a 1963, da wanda Nicolas Taberlet da Stephen Morris da Jim McElwaine suka wallafa a 2007, sun nuna cewa ko an daidaita hanya sumul, muddin ƙasar a sake take kuma ƙafafun mota na bi da gudun da ya wuce wani ɗan ƙaramin mizani, tuddan za su fito da kansu. Maganinsu gyara akai-akai, wanda hanyoyin karkara ba su cika samu ba. Taya mai tauri tana tsalle a kan kowane tudu, ƙarfin da ya kamata ya tura keke gaba sai ya tafi wajen girgiza kafaɗu da ƙugu. Mai ɗan sauƙin iska tana lanƙwasa ta haɗiye tudun. Shi ya sa ta fi sauri, ko da yake mai tuƙi ji yake kamar ta fi nauyi.

Kada a yi wa manomi rashin adalci. In ya ɗora buhun hatsi ko jarkoki biyu na ruwa a baya, dole ya cika iska. In ba haka ba, da ya bugi dutse, bakin ƙarfen ƙafar zai matse tub ya huda shi wuri biyu gefe da gefe. Masu faci sun san wannan huji da gani ɗaya. Kuskuren yana wajen dawowa, lokacin da aka sauke kaya a kasuwa aka kamo hanyar gida da taya mai tauri, alhali danna bawul na ɗan lokaci zai sauƙaƙa tafiyar. Tayar gaba ma ba ta bukatar iskar ta baya, tunda nauyi a baya ya fi yawa.

Sai ƙaya, wadda ita ce babbar abokiyar gabar keke a ƙasar Damagaram: tsidau da ke kwance a bakin hanya bayan damina, da ƙayar aduwa da ta magarya da ke zubowa daga shingen gona. Masu tseren tsakuwa sun yi watsi da tub, suna zuba wani farin ruwan roba a cikin taya wanda ke toshe ƙaramin huji da kansa ana cikin tafiya. Dabara ce mai kyau, amma tana son ƙafa da taya na musamman, ruwan kuma yana bushewa cikin 'yan watanni, balle a zafin watan Afrilu. A ganina bai kai dabarar masu facinmu amfani ba a nan: a yanka tsohon tub ko tsohuwar taya a shimfiɗa a ciki, ƙaya ta gaji kafin ta kai ga iska. Ya ƙara nauyi kaɗan, amma ba ya bushewa.

Akwai gyara biyu masu araha da ba a cika yi ba. Ɗaya, a canza ƙaramin faifan haƙoran baya da mai haƙora 20 ko 22, gudu ya ragu kaɗan amma feda ta yi laushi a rairayi da hawan tudu. Na biyu, a rage labta wa sarƙa baƙin mai. Yashi yana manne masa ya riƙa cin ƙarfe, har sarƙa ta saki tun kwananta bai kai ba. Ɗigo kaɗan, a goge saura da tsumma, ya wadatar.

Me ya sa ake wannan magana yanzu, bayan kabu-kabu ya cika ko'ina? Saboda mai. Matatar SORAZ tana arewacin Damagaram tun 2011, amma shekara da shekaru ƙauyukan kudu da man kwalba na Najeriya suka dogara. Da Najeriya ta cire tallafi a watan Mayun 2023, sannan aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli, kowa ya ji a jikinsa. Keke kuwa ba ya shan mai. Ƙungiyar World Bicycle Relief, da aka kafa a 2005, ta ƙera keke mai suna Buffalo domin karkarar Afirka, kariyarsa na ɗaukar kilo 100, tana kuma horar da masu gyara a duk inda ta raba shi. Aikinta ya fi yawa a gabashi da kudancin nahiyar. A Droum masu gyaran suna nan tuni, a bakin kasuwa, da famfonsu da kwanon ruwan neman huji. Abin da galibinsu ba su da shi shi ne ɗan agogon auna iska.