Kwandon Mako-Mako: Yadda Manomi Da Masu Cin Lambunsa Ke Raba Riba Da Asara

A garin Ollioules, kusa da birnin Toulon a kudancin Faransa, akwai wata gonar kayan lambu mai suna Les Olivades. Masu ita, Daniel Vuillon da matarsa Denise, manoma ne da gasar manyan kantuna ta matsa wa lamba. A shekarar 2000 suka kai wa 'yarsu ziyara a New York, suka ga wani abu da ya tsaya musu a rai: mutane na zuwa wani wuri a unguwa, kowa ya ɗauki kasonsa na kayan lambu ya tafi, babu ciniki, babu miƙa kuɗi. Ashe tun kafin a yi shuka suka biya manomin kuɗin shekara. Da ma'auratan suka koma gida, sai suka haɗa kai da wasu iyalai na garin Aubagne, a watan Afrilun 2001 aka raba kwandunan farko. Lokacin kuwa cutar haukan shanu ta sa Turawa na tsoron abin da ke cikin kwanonsu. Ƙungiyoyin da suka tsiro daga nan, waɗanda ake kira AMAP, yau sun haura 2,000 a Faransa.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Gidaje talatin ko hamsin ko ɗari su ƙulla yarjejeniya da manomi ɗaya. Su biya shi tun farkon shekarar noma, shi kuma ya yi alkawarin nomawa ba tare da takin zamani ko maganin feshi na sinadari ba, ya kawo wa kowane gida kwando ɗaya duk mako. Abin da gona ta bayar shi ake zubawa. Idan shekara ta yi kyau kwando ya cika ya batse, idan ƙanƙara ko ƙwari suka yi ɓarna kowa ya ɗauki nasa rabon na asarar.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan lamarin, kuma shi ne mutane suka fi saurin mantawa da shi.

Japanawa ne aka fi danganta asalin abin da su. Bayan bala'in Minamata, inda gubar masana'anta ta shiga kifi ta nakasa mutane tun daga shekarun 1950, matan aure a birane suka fara neman manoman da za su yarda da su ido da ido. A 1971 aka kafa ƙungiyar masu noma marar sinadari ta Japan, a 1978 kuma ta fitar da ƙa'idoji goma na tsarin da suke kira teikei. Daga ciki akwai cewa masu saye su karɓi duk abin da gona ta fitar, a daidaita farashi ta hanyar sassauta wa juna, kuma kada ƙungiya ta yi girman da mutanenta za su daina sanin juna. A wannan shekara ta 1978 aka buɗe gonar Les Jardins de Cocagne kusa da Geneva a Suwizalan. Daga Turai tunanin ya tsallaka Amurka, inda a 1986 gonaki biyu suka fara: Indian Line ta Robyn Van En a jihar Massachusetts, da Temple-Wilton a New Hampshire. Sai dai masu bin tarihi kan tuna cewa kafin su, wani baƙar fata malamin aikin gona a Tuskegee da ke Alabama, Booker T. Whatley, ya daɗe yana shawartar ƙananan manoma su tara mutanen birni a matsayin mambobi masu biyan kuɗin shekara. Ƙidayar ma'aikatar gona ta Amurka ta 2015 ta samu gonaki 7,398 masu sayar da kaya ta wannan hanya, da cinikin dala miliyan 226.

Me ya sa manomi zai so haka? Domin kuɗin noma a farko ake kashe su, amfani kuwa sai daga baya. Iri, taki, gyaran injin ban-ruwa, ladan 'yan ƙwadago, duk suna zuwa lokacin da aljihu ya fi bushewa. Manomin ƙasar Hausa ya san inda wannan matsi ke kai mutum, wato bada-kaka, inda ake karɓar kuɗi da bazara a biya da hatsi a farashin wulaƙanci. A tsarin kwando ma kuɗi na zuwa kafin amfani, amma mai bayarwa ba riba yake nema a kan manomi ba, abinci yake nema, kuma idan gona ta gaza ba zai zo da dogari ba. A gonar Temple-Wilton har sun wuce nan. Ana shimfiɗa kasafin kuɗin gona gaba ɗaya a gaban taron mambobi, kowa ya faɗi abin da zai iya bayarwa, a yi ta zagayawa har lissafi ya cika. Mai hali ya ɗauki nauyin da ya fi na marar hali, amma ba a auna wa kowa abinci da yawan kuɗinsa. Gonaki da yawa a Jamus su ma suna yin irin wannan zama kowace shekara.

Ya kamata a bambanta wannan da ɗan'uwansa da ya fi yaɗuwa a Ingila, inda mai saye ke biya mako-mako kuma yana iya dakatarwa duk ranar da ya ga dama. Guy Watson na gonar Riverford a Devon ya fara kai wa gidaje kusan 30 kwalin kayan lambu a 1993. Yanzu kamfanin na raba dubun-dubatar kwalaye kowane mako, a 2018 kuma aka mayar da mafi yawan mallakarsa hannun ma'aikata. Wannan kasuwanci ne mai kyau, amma haɗarin na kan kamfani. A unguwar Hackney ta Landan kuwa, ƙungiyar Growing Communities ta bi hanya ta tsakiya tun shekarun 1990: tana saye daga ƙananan manoma na kusa, tana noman ganyen salak a 'yan filaye cikin birni, mambobi su je wuraren ajiya su ɗauki jakunkunansu da kansu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Wanda ya iya noman tumatir kadada biyu ba lallai ya iya cika kwando ba. Manomin kasuwa iri ɗaya ko biyu yake shukawa, ya girbe lokaci guda, ya loda a mota. Manomin kwando kuwa dole ya samu abubuwa shida zuwa goma da suka nuna kowane mako, mako bayan mako, ba fashi. Don haka irin waɗannan gonaki kan shuka kayan lambu iri talatin ko fiye a shekara, kuma ba sa shuka latas sau ɗaya, sai dai kaɗan-kaɗan duk bayan mako biyu ko uku, don kada ya nuna gaba ɗaya ya lalace. A yi lissafi mai sauƙi: gida 40 na tsawon mako 20, kwando 800 ke nan. Idan kowane gida zai samu damin karas sau goma a shekara, ana bukatar dami 400, a ƙara da abin da ɓera da tsutsa za su ci. Daga nan ake komawa baya a ƙirga kwanakin da karas ke ɗauka kafin ya nuna, a san ranar shuka da yawan kunya. Aikin takarda da biro ne kafin ya zama na fartanya, kuma manoma da yawa da suka iya ƙasa sosai a nan suke tuntuɓe.

Sannan kowace ƙasa tana da lokacin da lambu ke yin shiru. A Ingila daga Afrilu zuwa farkon Yuni ne: kayan hunturu sun ƙare, na bazara ba su iso ba. Riverford da girmanta sai da ta mallaki gona a yankin Vendée na Faransa, inda zafi ke rigan zuwa, don cike wannan giɓi. Ƙaramin manomi ba shi da wannan gata. Ko dai ya tsayar da rabo na 'yan makonni, ko ya ajiye albasa da dankali da kabewa masu jure ajiya, ko ya sayo daga maƙwabci. Idan zai sayo, to ya faɗa wa mambobi. Ranar da suka gano da kansu cewa kabejin da ke cikin kwando daga kasuwa ya fito, ranar yarda ta mutu.

Ranar rabo ita ma aiki ce mai zaman kanta. Ganye da sassafe ake yanka shi, a wanke, a sa a inuwa, a auna, a cika kwanduna, kuma ya isa hannun mai shi a ranar ko kashegari. Kai wa kowa har ƙofar gida na cinye ribar ƙaramar gona a man fetur da lokaci, shi ya sa yawanci ake zaɓar wuri ɗaya: harabar makaranta, garejin wani mamba, ko bakin gonar. A ƙungiyoyin Faransa mambobi ne ke karɓa-karɓar aikin rabo, manomin kuma yana tsaye a wurin don amsa tambaya. Yarjejeniyar rubutacciya ce, ta wata shida ko shekara, kuma mutum na iya rubuta cakin banki da yawa a karɓe su wata-wata, don kada biyan ya zo masa a dunƙule.

Abin mamaki, ba ƙarancin kaya ne ya fi korar mambobi ba. Sau da yawa yawansa ne. Uwargida ta buɗe kwando ta ga ganyen da ba ta taɓa dafawa ba, ta ajiye, mako ya zagayo wani ya zo, na farko ya ruɓe, ta ji kamar kuɗinta take zubarwa a shara. Shekara na ƙarewa sai ta ce ta gode. Masu dabara kan yi ƙaramin kwando da babba, su ajiye wani kwando a gefe inda wanda ba ya son yalo zai musanya da kuɓewa, su haɗa da 'yar takarda ko saƙon waya mai bayanin abin da ke ciki da yadda ake dafa shi da halin da gona ke ciki. Wannan saƙo ba ƙawa ba ce. A 2009 wata cutar ganye ta cinye tumatir a arewa maso gabashin Amurka, a 2011 kuma guguwar Irene ta jawo ambaliyar da ta shafe gonaki a jihohin Vermont da New York, har wasu suka rufe rabo kafin lokaci. Mutumin da ya taɓa taka gonar, yake jin labarinta duk mako, yana iya haƙura da kwando marar tumatir. Wanda bai san komai ba sai ranar ɗauka, shi a ganinsa an cuce shi.

Akwai kuma batun shaida. A Tarayyar Turai sai ƙasa ta yi shekara biyu ba sinadari kafin a amince da kayan lambunta a hukumance, a Amurka shekara uku. Takardar na cin kuɗi da lokaci, don haka ƙananan gonaki da yawa ba sa nemanta. Suna buɗe ƙofa kawai: mai shakka ya zo ya ga tarin taki, ya leƙa ɗakin ajiya. A Indiya da Brazil hukuma ta amince da tsarin da manoma da masu saye ke duba gonakin juna su ba da shaida.

Ba a ce tsarin ba shi da aibi ba. Biyan kuɗin wata shida a dunƙule sai mai albashi, kuma a Turai da Amurka an sha yi masa gorin cewa na masu hali ne. Manomin ma kan cuci kansa, ya lissafa iri da taki ya manta bai sa ladan guminsa ba, bayan shekara uku ya gaji ya watsar.

Shin zai yi a Kano ko Zariya ko Maraɗi? Dalilan da suka haife shi dai suna nan. Duk wanda ya bi ta Kadawa a jihar Kano da rani ya ga yadda kwandon tumatir ke faɗuwa warwas, manomi na kallon dillali yana yanka masa farashi, sannan da damina kuɗinsa ya gagari talaka. A 2016 tsutsar tumatir ta yi ɓarnar da har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir, kuma manoma suka ɗauki asarar gonakinsu. Mazauna Kano kuma sun san da wane irin gurɓataccen ruwa ake shayar da wasu lambunan bakin kogin Jakara. Ma'aikatan ofis ɗaya, ko gidajen rukuni ɗaya, na iya riƙe mai lambu guda da alayyahu da latas da tattasai da zogale. Sai dai akwai tambayar da Bafaranshe bai yi ba, wadda Bahaushe zai yi tun ranar farko: a fiƙihu, sayen abin da ba a girbe ba da kuɗi hannu yana bukatar a san irin kaya da awonsa da lokacin kawo shi, kwandon da ba a san abin da zai ƙunsa ba kuwa bai cika wannan kai tsaye ba. Ana iya tsara shi a matsayin tarayya a gona, ko a ƙayyade awon da ba za a gaza ba, amma wannan magana ce ta malamai, kuma gara a kai musu ita kafin a karɓi kuɗin kowa.

Mai sha'awar gwadawa ya fara da gida goma sha biyar ko ashirin da ya sani, na rani ɗaya kawai, daga Disamba zuwa Maris lokacin da lambu ke kan ganiyarsa. Ya rubuta yarjejeniyar a gaban shaidu, ya sa ladan manomi cikin lissafi, kuma ya karanta wa kowa sakin layin da ya yi maganar asara da babbar murya kafin a sa hannu.