Sange Da Hular Jariri: Sirrin Saƙa Yana Cikin Ido

Hular da uwa take saƙa wa jariri da sangen da muke kwana a ciki dangin juna ne. Dukansu saƙar ido ce. Wanda ya gane yadda wannan saƙa take riƙe kanta, zai san yadda zai hana ta lalacewa. Wannan kuwa magana ce ta lafiya, domin sangen da ya huje ƙofar masassarar cizon sauro ce.

Saƙa iri biyu ce

Masaƙi yana aiki da zare kashi biyu. Akwai zaren wadari da yake miƙe, akwai kuma wanda ƙoshiya take ratsawa da shi. Dukansu a miƙe suke, shi ya sa saƙi ba ya naɗewa ya miƙe kamar roba.

Saƙar kibiya dabam ce. Ana lanƙwasa zare ya zama kamar ƙaramin zobe, wanda za mu kira ido. Kowane ido yana ratsa cikin na ƙasansa, na samansa kuma ya riƙe shi. Babu ƙulli ko ɗaya.

Ku gwada da kanku. Ku ja gefen zane, sannan ku ja tsohuwar safa. Safar za ta miƙe sosai. Ba zaren ne ya ƙara tsawo ba. Idanun ne suka buɗe, kowane ya ari zare daga maƙwabcinsa. Da kun saki, sai su koma siffarsu. Shi ya sa hula take kama kan jariri ba tare da ta matse shi ba. Cikin idanun kuma iska take maƙalewa, ita ce take tsare ɗumin jiki lokacin ɗari. Idan hular ta jiƙe, ruwa ya kori iskar, sai a canza masa busasshiya.

Abin da masana suka gano

A shekarar 1589 wani mutumin Ingila, William Lee, ya ƙera injin saƙar ido na farko. Daga baya masana suka shiga auna siffar ido da lissafi. A 1959 wani masani mai suna Munden ya nuna cewa tsawon zaren da ke cikin ido ɗaya shi ne yake yanke faɗin saƙa da tsawonta bayan an wanke ta ta huta. Ido mai ɗan zare yana ba da saƙa matsattsiya. Ido mai yawan zare yana ba da sakakkiya. A yau ana zana idanun a cikin kwamfuta, a ja su, a ga inda zare zai fara tsinkewa tun ba a saƙa ba.

Yadda ake saƙa sange

A saƙar hannu, zare ɗaya ne yake tafiya layi bayan layi. Idan ya tsinke a wuri ɗaya, idon sama ya rasa mai riƙe shi, sai warwara ta bi layi. A sange kuwa, inji yana aiki da zaruruwa masu yawa a lokaci guda. Kowane zare yana hawa sama yana sarƙe da na damansa da na hagunsa. Saboda haka sange ba ya saurin warwarewa kamar safa. Amma idan zare ya tsinke, nauyin da yake ɗauke da shi yana komawa kan na kusa. Kullum aka ja sangen, su ma sai su gaji su tsinke. Haka ƙaramar huda take zama babba.

Sange na yau da kullum yana da ƙofofi kamar 25 a cikin santimita ɗaya tsawo da faɗi. Iska tana wucewa, sauro ba ya wucewa. Masu binciken lafiya suna kasa huda gida 4: wadda ba ta kai babban yatsa ba, wadda ba ta kai dunƙulen hannu ba, wadda ba ta kai kan mutum ba, da wadda ta fi kai.

A watan Disamba 2005 da Maris 2006 an raba sange mai magani fiye da miliyan 2 a Nijar, an kuma ci gaba da rabo a shekarun baya. Ana yin irin wannan sange domin ya kai shekara 3, maganinsa ya jure wanki 20. Amma sau da yawa saƙar tana mutuwa kafin maganin.

Abin da ya kamata mu yi

A Tirmini da ƙauyukanta, manyan abokan gaban sange su ne tsinin gadon kara, ƙusa, ɓera da wutar fitila.

1. Mu goge tsinin gado ko mu naɗe shi da tsumma.
2. Da safe mu naɗe sange sama, kada yara da awaki su ja shi.
3. Kada mu ɗaure shi tamau. Ido da ke a ɗame ya fi saurin tsinkewa.
4. Kada mu ci abinci a cikinsa, domin ɓurɓushi yana kiran ɓera.
5. Mu wanke shi a hankali da ruwan sanyi da sabulu, mu shanya a inuwa.
6. Mu ɗinke huda ranar da muka gan ta. Allura ta kama idanu masu lafiya da ke kewaye da hudar, ba bakin zaren da ya tsinke ba.

Haka ma hular jariri: kada a rataye ta da ruwa a jiki, nauyin zai ja idanun ta saki. A shimfiɗa ta kan tabarma ta bushe.

Kafin damina ta faɗi, kowane maigida ya ɗaga sangen gidansa ya duba shi cikin hasken rana. Zare da allura sun fi kuɗin magani araha.